Gidan Ƙasa Ko Na Bulo: Wanne Ya Fi Ƙarko A Yola Da Jimeta?

Da wuya 'yan Adamawa mazauna Ikko, Ibadan ko Fatakwal su zauna hira ba a ta da gardamar gini ba. Wasu su ce ginin da ya fi, wasu su ce sai bulo da kwano. Ba gardamar banza ba ce, domin da yawansu guminsu na shekaru suke aikawa gida a yi musu muhalli.

Magabata sun fara ne da zaɓen wuri. Sa'ad da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, kan tudu ya zauna, har sunan garin ma daga "yolde" ya fito, watau tudu da Fillanci. Bangon ƙasa mai kauri da rufin jinka ko soro kuwa yana tare zafin Maris da Afrilu, lokacin da ɗakin kwano marar silin kan zama tanda.

Amma fa gidan ƙasa bawan yaɓe ne. In damina biyu ta wuce ba a taɓa shi ba, ruwa zai ci gindinsa. Tsofaffin da ake gani tsaye, waɗanda aka kula da su ne. Sauran sun daɗe da komawa ƙasa.

Tun da Yola ta zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976, Jimeta ta yi ta batsewa, fili ya yi tsada, gine-gine suka gangara fadamun Binuwai. Da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru a 2012 da 2022, ambaliya ta shiga unguwannin bakin kogi ba ta tambayi ko da me aka gina ba. Ga kuma ha'inci: a cika yashi a rage siminti, a tsuke rodi, a haƙa harsashi sama-sama, fenti ya rufe asiri.

Ashe ƙarko ba a shekarun gida yake ba. Wanda yake nesa, ba mai yi masa yaɓe, bulo ya fi masa. To amma kafin ya biya kuɗin fili, ya je da ƙafarsa cikin Agusta ya ga inda ruwa ke kwanciya, ya tambayi dattawan unguwa. Ranar zuba harsashi kuma ya kasance yana tsaye, ko amintaccensa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.