Jarrabawar Koyon Aikin Lauya: Hadda Kaɗai Ba Ta Fitar da Ɗalibi

A shekarun da na yi ina duba takardun jarrabawar ɗaliban shari'a, cikinsu har da 'ya'yanmu na Talata Mafara da Bakura da Maradun, na lura cewa akasarin masu faɗuwa sun yi karatu. Abin da ke kayar da su shi ne juye haddar doka a takarda ba tare da sun taɓa tambayar da aka yi musu ba.

Bari in kawo misali daga gida. A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakalori, a shekarar ce kuma aka kafa Dokar Amfani da Filaye, sannan rikicin diyyar gonaki da ya biyo baya ya ci rayukan manoma a 1980. To, a ce malami ya tsara tambaya kamar haka: gwamnati ta karɓe gonar wani manomi a Maradun domin gina hanyar ruwa, ba sanarwa, ba diyya, ba shi shawara.

Mai hadda zai cika shafi uku da tarihin dokar. Mai fahimta kuwa matakai huɗu zai bi. Da farko ya tsamo mas'alolin: shin an soke haƙƙin manomin bisa ƙa'ida, kuma me ya cancanci a biya shi? Sai ya kawo hukunci: sashe na 28 ya ba gwamna ikon sokewa domin amfanin jama'a, da sharaɗin sanar da mai fili, sashe na 29 ya tanadi diyyar gini da amfanin gona, sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta biyan diyya ba tare da jinkiri ba. Na uku, inda mafi yawan maki yake, ya ɗora hukuncin a kan labarin, ya auna hujjar manomi da ta gwamnati. Daga nan ya yanke matsaya ƙarara. Wanda ya taɓa zama gaban malamin fiƙihu ba baƙo ba ne ga wannan tsari na mas'ala da hukunci da dalili.

Shiri ma haka yake, da alƙalami ake yin sa. A nemo tambayoyin shekarun baya, a amsa su da agogo a gefe. Idan tambaya huɗu ce cikin awa uku, kowace ta samu minti 45, biyar daga ciki na tsara amsa. Wanda ya saba da wannan tun yana jami'a a Sakkwato ko Zariya, ba zai firgita a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda ba.

Faɗuwa na cin shekara da dukiyar iyaye. Fiye da haka, gobe manomi na gaske ne zai shigo ofishinka da takardar gona a aljihu, kuma amsa yake nema.