Duwatsun Damargu: abin da mai tsintuwa ya kamata ya sani

Tun shekara ta 2014 da labarin zinariyar Jado ya bazu, samarin Damargu suka fara duban ƙasa da wani ido dabam. Ga kuma matatar man fetur ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 cikin ƙasar Ollelewa, tana tuna wa kowa cewa arziki daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Shi ya sa in makiyayi ya tsinci dutse mai ƙyalli bakin korama, sai ya ƙulle shi cikin rawani yana zaton daiman ne. Wani ma yakan sayar da akuya ya yi kuɗin mota zuwa Damagaram don ya nuna shi, ya komo da ɓacin rai.

Daiman yana samuwa ne can cikin zurfin ƙasa inda zafi da nauyi suka yi tsanani, aman wutar dutse ya turo shi sama. Ƙasar Damargu ba irin wannan ba ce. Masana ilmin duwatsu sun nuna cewa wajen shekara miliyan 94 da suka wuce teku ne ya rufe wannan yanki, ya ratsa Sahara daga arewa har ya haɗu da tekun kudu ta kwarin Binuwai. Laka da yashin da suka kwanta ƙarƙashin ruwan su ne suka daskare suka zama tuddan da matafiyi yake hange kusa da Tanut. Abin da tekun ya bari shi ake tsinta yau.

Wanda ya fi ruɗin mutane shi ne dutsen da Faransawa suke kira jips. Garau yake kamar gilashi, yana ɓarewa falle-falle, ana samunsa cikin laka. Gwajinsa ba ya bukatar kome sai farce: in farce ya karce shi, to jips ne. Amfaninsa ga masu siminti yake, kamar na Malbaza, su kuwa mota-mota suke saye, ba ƙulli-ƙulli ba.

Wannan gwaji na karta wani Bajamushe ne mai suna Mohs ya tsara shi a 1812. Ya jera duwatsu daga 1 zuwa 10 bisa taurinsu, kowane yana karce na ƙasa da shi. Jips yana kan 2, ƙanƙarar dutse tana kan 7, daiman kan 10. Wuƙa da gilashin kwalba suna tsakanin 5 da 6. To, a nan ne ake faɗawa rami. Ana yawan cewa duk dutsen da ya yanka kwalba daiman ne, alhali farar ƙanƙarar da yara suke ƙyasta wuta da ita ma tana yanka ta. Dutsen da farce ya kasa amma wuƙa ta ci shi, a kankare garinsa a ɗiga masa ruwan lemun tsami. In ya yi kumfa, dangin farar ƙasa ne.

Amma tsintuwar da ta sa sunan Damargu ya shiga littattafan duniya ba ta ƙyalli ko kaɗan. Wani dutse ne nannaɗe kamar ƙahon rago, wanda asalinsa ƙwanson wata dabbar teku ce da ta ƙare tun da daɗewa, ana ce mata amonit. A 1943 masanin Faransa Schneegans ya bayyana waɗanda aka samo a Damargu, ya raɗa wa wani jinsinsu suna Nigericeras, wato ƙahon Nijar. Da irinsu ne masana suke gane shekarun kowane falle na ƙasa, suna kwatanta na Tanut da na Najeriya da na arewacin Afirka.

A Ollelewa da wajen Belbeji yashi ya rufe yawancin ƙasa, saboda haka mai nema sai ya bi koramu da gindin tuddai bayan damina, lokacin da ruwa ya wanke ya fito da abin da yake ɓoye. Ya nemi izinin maigari da mai gona. Ya juya dutse da sanda saboda kunama. Kada ya shiga ƙarƙashin gaɓar korama yana haƙa, domin gaɓa takan rufta ba tare da ta yi sallama ba.

Kayan aikin da ya fi guduma daraja kuwa shi ne alƙalami. Dutsen da ba a san inda aka ɗauko shi ba, rabin amfaninsa ya tafi. Wanda ya yi yaƙi da jahilci yana iya rubuta sunan gari, da ranar tsintuwa, da ko saman tudu ne ko gindinsa, ya naɗe kowane dutse da takardarsa. Wannan ɗan rubutu shi ne masani zai fara tambaya.

Sai maganar doka, wadda ma'aikatan hukuma ya kamata su riƙa bayyana wa talakawa. Ma'adinan da suke ƙarƙashin ƙasa mallakar ƙasa ne, haƙarsu don sayarwa sai da takardar izini. Dokar 30 ga Yuni 1997 kuma ta kare kayan tarihi, ta hana fitar da su waje ba da yardar hukuma ba. Ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a Gadufawa, cikin jahar Agadas, ana ganinsu a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Gatarin aradu ma, wanda mutanen dā ne suka sassaƙa shi da hannunsu, yana cikin abin da bai kamata a miƙa wa ɗan kasuwa mai wucewa ba.

Wanda ya tsinci abin da ya gagare shi ganewa, ya kai shi ofishin ma'adinai na jaha a Damagaram, ko ya aika da shi sashen ilmin duwatsu na jami'ar Abdu Mumuni, tare da takardarsa.