Tafiya da Kare ko Kyanwa: Shiri Tun da Wuri Ya Fi Arha

A unguwar Fegge da ke Onitsha, haka kuma a unguwannin Hausawa na Fatakwal da Inugu, kare da kyanwa suna cikin jarin ɗan kasuwa, domin kare shi ke gadin rumbun ajiya da dare, kyanwa kuwa ita ke kare buhunan wake da busasshen kifi daga ɓarnar ɓera. Sai dai idan tafiya Arewa ta taso, ko don Sallah ko don ƙaura, akasarin masu su ba sa tunawa da su sai ranar da mota ta tsaya a ƙofa.

Abu na farko da ya wajaba shi ne allurar riga-kafin ciwon haukar kare, wadda ake yi wa kwikwiyo ko ɗan kyanwa tun daga wata 3 da haihuwa. Allurar takan ɗauki kimanin mako 3 kafin ta kama jiki, don haka wadda aka yi ana gobe tafiya ba ta da wani tasiri a kan hanya. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa wannan allura. Kamata ya yi mai dabba ya karɓi takardar shaida daga likitan dabbobi, kasancewar dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ta ba jami'ai ikon sa ido kan zirga-zirgar dabbobi.

Ta fuskar tattalin arziki, lissafin a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, tare da jawo hasarar dala biliyan 8.6. Allura ɗaya ake yi wa kare, amma fasinjan da ya ciza sai an yi masa jerin allurai masu tsada, kuma ɗawainiyar takan faɗo ne a kan mai karen.

Bayan allura sai keji mai wadatar iska, wanda za a saba wa dabbar da shi kwanaki kafin tafiya. A rage mata abinci sa'o'i kaɗan kafin tashi, a riƙa ba ta ruwa a zango, kuma kada a cusa ta cikin ɗakin kaya na bas, inda zafi ke iya halaka ta. Yana da kyau a daidaita da direba tun kafin a yanki tikiti.

Ga mai fita ƙetare kuwa, shirin na watanni ne. Tarayyar Turai tana bukatar a sa wa dabba ƙwayar lamba a ƙarƙashin fata, a ɗebi jininta don gwaji aƙalla kwana 30 bayan allura, sannan a jira wata 3. Amurka kuma, tun daga Agustan 2024, ba ta karɓar karen da bai kai wata 6 ba.

Wanda lokaci ya ƙure masa, gara ya bar dabbar a hannun amintaccen maƙwabci tare da kuɗin abincinta.