Haɗa Na'urar Lura da Iskar Tayar Babur a Gida: Sassanta da Sharuɗɗan Ingancinta

1.0 Gabatarwa

Babur a kan taya biyu kaɗai yake tafiya, kuma abin da ke taɓa ƙasa daga kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. Idan iska ta ragu, taya takan yi zafi, kan babur ya yi nauyi wajen shan kwana, tub kuma yana iya fashewa ana cikin gudu. Duk da haka, akasarin mahaya, har da 'yan acaɓa masu wuni a kan hanya, da yatsa suke matsa taya su kimanta iskarta, ko kuwa su jira sai sun tsaya wurin mai faci. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake haɗa na'urar da ke nuna wa mahayi matsin iskar tayarsa yana cikin tafiya, tare da fito da sharuɗɗan da in ba a cika su ba na'urar za ta yaudari mai ita.

2.0 Asalin Na'urar

An fara sanya irin wannan na'ura a motar fasinja a shekarar 1986, a cikin Porsche 959. Yaɗuwarta ta biyo bayan dokar TREAD da majalisar Amurka ta zartar a 2000, sakamakon haɗurran da aka danganta da tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer. Daga watan Satumba 2007 ta zama wajibi a sababbin ƙananan motocin ƙasar, Tarayyar Turai kuma ta wajabta ta daga Nuwamba 2014. Waɗannan dokoki ba su haɗa da babura ba, shi ya sa galibi a manyan babura masu tsada ake samun ta. Wannan giɓi ne masu haɗa ta a gida suke ƙoƙarin cikewa.

3.0 Sassan Na'urar

Na'urar ta ƙunshi sassa huɗu. Na farko shi ne ma'auni, wanda ake ɗaurawa a bakin bawul a madadin murfinsa. Yana auna matsin iska da zafi, ya aika da saƙo ta rediyo, ɗan ƙaramin batiri mai bolt 3 ne ke ba shi wuta. Wannan sashe saye ake yi, domin ƙera shi ya fi ƙarfin kayan aikin gida. Akwai ma'aunin da ake sanyawa a cikin rim, amma bai dace da taya mai tub ba, wadda ita ce a yawancin ƙananan babura.

Na biyu shi ne ƙwaƙwalwar lantarki mai karɓar saƙo. An fi amfani da ESP32, wadda kamfanin Espressif na Sin ya fitar a 2016, saboda tana jin saƙon Bluetooth da kanta. In kuwa ma'aunin a kan mita 433 ko 315 megahaz yake aikawa, sai an ƙara mata makarɓi irin CC1101. Na uku ɗan ƙaramin allo ne da ke nuna adadi. Na huɗu kuma marage-wuta ne, mai sauko da bolt 12 na batirin babur zuwa bolt 5.

4.0 Yadda Ake Haɗawa

Ana jawo wuta daga wayar da ba ta kawowa sai an kunna makulli, a sa mata fis, don kada na'urar ta shanye batiri idan an ajiye babur. Sai a rufe sassan cikin akwati mai hana ruwa da ƙura, a ɗaure allon kusa da maleji.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne karanta saƙon, domin kowane kamfani da yadda yake jera lambobinsa. Kowane ma'auni yana da lambar shaidarsa, wadda ake rubuta wa ƙwaƙwalwar don ta bambanta tayar gaba da ta baya, kuma kada ta ɗauki saƙon babur ɗin da ke gefe. Bayan haka sai a riƙa rage iska kaɗan-kaɗan, ana aunawa da geji mai inganci, ana lura da lambobin da ke canzawa, har a gano waɗanda ke wakiltar matsi da waɗanda ke wakiltar zafi.

5.0 Sharuɗɗan Inganci

Sharaɗi na farko ya shafi zafi. Iskar da ke rufe cikin taya matsinta yana hawa idan ta yi zafi. Tayar da aka cika psi 30 da asubar hunturu, zafi na digiri 15, za ta nuna kusan psi 34 idan iskarta ta kai digiri 40, alhali ba a ƙara mata komai ba. Saboda haka tayar da ke zubar da iska a hankali tana iya nuna adadi daidai da tsakar rana. Adadin da masana'anta ke bayarwa na taya mai sanyi ne, don haka wajibi ne a koya wa ƙwaƙwalwar ta mayar da kowane awo zuwa ga wannan mizani kafin ta yanke hukunci. Ƙa'idar Amurka ta tanadi gargaɗi idan iska ta ragu da kashi 25 cikin 100, amma ga abin hawa mai taya biyu ya fi dacewa a yi gargaɗi tun kafin nan.

Na biyu ya shafi shirun ma'auni. Domin tattalin batiri, ma'auni jefi-jefi yake aika saƙo. Idan batirinsa ya mutu, allon da ba a tsara da kyau ba zai ci gaba da nuna tsohon adadi, mahayi ya ɗauka lafiya lau. Dole ne a tsara shi ya share adadin, ya nuna alamar yankewar saƙo, idan wasu mintuna suka wuce bai ji komai ba.

Na uku ya shafi bawul. Ma'aunin yana danne ƙwayar bawul a buɗe, saboda haka robar da ke cikinsa ce kaɗai ke tsare iska. Ana gwada ta da ruwan sabulu, in kumfa ta tashi akwai yoyo. Haka kuma, a gudun kilomita 80 cikin awa, ma'auni mai nauyin giram 10 a rim mai inci 17 yana danna bawul da ƙarfin da ya haura kilo 1. Bawul na roba yana iya tsagewa a ƙarƙashin wannan nauyi, shi ya sa ake son na ƙarfe.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa haɗa wayoyi shi ne mafi sauƙin ɓangaren aikin. Ingancin na'urar ya rataya ne a kan gyaran lissafin zafi, da bayyana yankewar saƙo, da lafiyar bawul. Ko an cika waɗannan, ba ta ganin tsagewa ko suɗewar taya, kuma ya kamata a riƙa gwada adadinta da na geji lokaci-lokaci, da safe kafin babur ya hau hanya.