Ziyarar Mafaɗar Ruwa a Tudun Mambila: Abin da Manomi Zai Komo da Shi

'Yan'uwa manoma, bayan girbi ƙungiyoyin gama kai sukan tara kuɗi su aiki waɗansu membobi su ga yadda ake noma a wani wuri. Ga bayanin wani wuri da ya isa a je, da abin da za a duba a can, domin kada kuɗin ƙungiya ya ƙare a kallo kawai.

Wurin shi ne Tudun Mambila, cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, a kan iyakar Kamaru. Babban garinsa Gembu ne. Tudun ya ɗara teku da mita 1,500 ko fiye, saboda haka akwai sanyi ƙwarai. Ruwan sama yakan wuce milimita 1,500 a shekara. Mu kuwa a ƙasar Illela da ƙyar mukan sami 600.

Daga Darna Sabon Gari tafiyar ba ta kasa kwana biyu a mota. Ana bi ta Jalingo, da Bali, da Serti, sa'an nan a hau dutse daga Mayo Selbe. Lokaci mafi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, gama da damina hanya takan ɓaci. Ku tambayi lafiyar hanya kafin ku tashi. Ku riƙe bargo da rigar sanyi.

A wajen Gembu akwai mafaɗar ruwa ta Barup, watau inda rafi ke zubowa daga kan dutse zuwa cikin kwari. Ku fara gai da mai gari, ku roƙi ɗan jagora. Duwatsun wurin suna da santsi, kada kowa ya matsa bakin gaɓa ko ya shiga wanka.

In kun gama kallon kyan wurin, sai ku yi wa kanku tambaya: an daɗe da ɗauke ruwan sama, to, daga ina wannan ruwa yake fitowa? Daga cikin ƙasa ne. Inda ciyawa da itatuwa suka rufe tudu, ruwan damina ba ya gudu, sai ya nutse. Ƙasa ta riƙe shi, tana sakinsa kaɗan kaɗan ta idon ruwa har cikin rani. Inda kuwa yawan kiwo da ƙunar daji suka tsiraita tudu, za ku ga zaizayar ƙasa irin tamu, ko da yake suna da ruwa ninki uku.

Daga nan sai ku nemi izini ku ga gonar shayi ta Kakara, inda ake yin ganyen Highland Tea. Ba a barin itacen shayi ya wuce ƙugun mutum, ana kuwa tsinkar sabon toho da ganye biyu na kusa da shi kaɗai. Ku lura da yadda itatuwan suka haɗa kai suka rufe gangare, har ɗigon ruwa ba ya dukan ƙasa kai tsaye.

Kada ku ɓata kuɗi a kan dashen shayi. Yana son sanyi, da ruwa mai yawa, da ƙasa mai tsami. Zafin watan Afrilu na ƙasarmu zai kashe shi. Dabarar tsare ruwa ita ce tsarabar da za ku kawo.

An taɓa yin irin wannan kusa da mu. A ƙarshen shekarun 1980 waɗansu manoma daga Illela ta Nijar, cikin jihar Tawa, suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso. Suka ga ramukan shuka da ake zuba wa taki, suka komo suka gyara tasu tassa. Da ita aka mai da faƙo mai yawa ya zama gonar gero da dawa.

Saboda haka, in 'yan aike sun dawo, a kira taro a zaɓi gona ɗaya ta gwaji. A yi kunya a gicciyen gangare, ba bin gangare ba. A jera duwatsu inda ruwa ke gudu. A haƙa tassa a faƙo tun da rani, a zuba taki. A bar kara ya rufe ƙasa, a kuma bar tohon gawo da sabara lokacin sassabe. Da kaka a auna damman da gonar ta ba da, a gwada da na maƙwabciyarta, a rubuta a littafin ƙungiya. Ta haka ne kowane memba zai san ko kuɗin motar ya biya.