Ƙwallo da Boko: Yadda Wasa Ke Kai Yaro Jami'a, da Abin da Ya Rage Mana a Masarautar Gumel

A Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, yaron da Allah ya ba ƙafa zaɓi biyu ake ajiye masa: ko ya bar boko ya bi ƙwallo, ko ya jingine ƙwallo ya rungumi littafi. Uba na ganin fili wurin shashanci ne, kocin unguwa kuma bai taɓa tambayar sakamakon jarrabawar yaransa ba. Amma akwai ƙasar da ta ɗaure abubuwan biyu da igiya ɗaya, har wasa ya zama ƙofar shiga manyan jami'o'inta.

A Amurka, hukumar NCAA ce ke kula da wasannin yawancin jami'o'i, kuma ta kasa su rukuni uku. Kocin jami'a kan fara bibiyar yaro tun yana sakandare: ya kalli bidiyonsa, ya je gasar da yake bugawa, ya tuntuɓi mai horar da shi. Sai dai kafin yaro ya buga wa jami'ar rukunin farko, dole ya kammala darussa 16 da hukumar ta ƙayyade, da matsakaicin makin da bai gaza 2.3 cikin 4 ba. Lissafin yana farawa daga shekara ta tara ta karatu, wato daidai da ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare a wurinmu. Yaron da ya yi wasa da karatu yana ɗan shekara goma sha huɗu, abin zai biyo shi har ranar neman gurbi.

Wannan fa mafi ƙanƙantar sharaɗi ne. Jami'o'i takwas da ake kira Ivy League, irin su Harvard da Yale da Princeton, ba sa ba kowa tallafin karatu saboda wasa, komai gwanintarsa. Tallafinsu kan ƙarfin aljihun iyaye yake. Abin da koci ke da shi kawai 'yan gurabe ne da zai sa baki a kansu. Yakan karɓi takardun yaro ya miƙa wa ofishin ɗaukar ɗalibai su duba tun kafin a yi nisa, in suka ce karatun bai kai ba, magana ta mutu. In sun gamsu, sukan aiko wa yaron wasiƙa cewa da alama za a ɗauke shi. A jami'ar da ba ta ɗaukar ko biyar cikin ɗari na masu nema, wannan wasiƙa ba ƙaramin abu ba ce, amma ofishin ne ke rubuta ta, ba koci ba.

Wasan besbol, wanda ake dukan 'yar ƙwallo da kulki, ya fi kowanne nuna gaskiyar lamarin. Shekara da shekaru, har zuwa 2025, ƙungiyar jami'a a rukunin farko ba ta da izinin ba da tallafin da ya wuce na mutum 11.7, alhali 'yan wasanta sun haura talatin. Sai a yi ta gutsuttsura shi. Saboda haka iyaye masu lura suka gane cewa kuɗin da makin aji ke jawowa sau da yawa ya fi wanda kulki ke kawowa. Kuma hukumar da kanta tana faɗa wa 'yan wasan jami'o'i baki ɗaya cewa waɗanda za su zama ƙwararrun 'yan wasa daga cikinsu ba su kai biyu cikin ɗari ba. Sauran digirinsu za su ci.

Ba tsari ne mai tsarki ba. Sansanonin da ake nuna yara ga kociyoyi kuɗi ake biya, ɗan mai hali ya fi samun a gan shi. A 2019 aka bankaɗo badaƙalar wani dillali, Rick Singer, wanda ya riƙa ba kociyoyi cin hanci su gabatar da 'ya'yan attajirai a matsayin 'yan wasa, wasu ba su taɓa yin wasan ba ma. Duk da haka ginshiƙin yana burge ni: ba a yarda yaro ya sayar da karatunsa don fili ba.

Muna da shaida a kusa. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, da ƙwallon ƙafa ya fara kafin ya koma ƙwallon kwando, inda ya faɗa hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin nan na Jami'ar Ahmadu Bello. Wasa ya kai shi wata kwaleji a Bismarck, jihar Dakota ta Arewa. Bai taɓa buga gasar NBA ba. Amma ya zama mai farauto 'yan wasa, ya zama shugaba, kuma a hannunsa ƙungiyar Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Ƙafa da hannu sun buɗe masa ƙofa, kai ne ya zaunar da shi.

A gida fa? Rabon gurbi a jami'o'in tarayya sananne ne: kashi 45 na cancanta, 35 na yankin da jami'a take, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, kuma Jigawa na cikinsu. Babu kason wasa a wannan lissafi. Gasar jami'o'i ta NUGA tana nan tun 1966, sai dai jami'a na neman 'yan wasanta ne cikin waɗanda JAMB ta riga ta kawo mata. Ba a saba ganin wani ya taso daga Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa ya zo kallon wasan makarantu a Gagarawa da niyyar ɗaukar yaro ba. Wannan giɓin ne 'yan damfara ke cikewa. Mutum ya zo da hotuna a waya, ya ce shi ejan ne, a sayar da sa ko gona a biya kuɗin gwaji a Turai, a rage wa yaro shekaru a takarda. Rage shekarun nan kaɗai yana iya rufe masa ƙofar jami'ar waje, in aka gwada takardar haihuwa da ta makaranta. Sa hannu a kwantiragi da ejan ma na iya taɓa cancantarsa ta buga wa jami'a a Amurka.

Ban ce a rage makin shiga jami'a don ɗan ƙwallo ba. Hakan cutar da shi ne. Abin da nake so ya fi haka sauƙi. A farfaɗo da gasar makarantun sakandare tsakanin ƙananan hukumomin huɗu, a sa sharaɗin cewa wanda ba ya zuwa aji ba zai sa riga ba. Kowace makaranta ta adana sakamakon zango-zango na kowane yaro, domin hukumar Amurka tana duba sakamakon WAEC da NECO tare da na shekarun baya, kuma yawancin yaranmu a nan za su faɗi tun ba a ga wasansu ba. Kwalejin Ilimi ta Gumel, da ke yaye malaman da za su koma waɗannan makarantu, ita ta fi dacewa ta koya musu wannan aiki. Jami'ar jiha kuma tana iya ware ɗan tallafi ga yaron da ya ci kiredit biyar da Turanci da lissafi, ya kai makin JAMB, ya kuma yi fice a gasar. A sa 'yan mata a ciki, a sa masu tsere, a sa masu kokawa da langa. Ko mutum goma a shekara aka fara da su, za a ga iyaye a bakin fili suna tambayar koci ko ɗansu ya je aji yau.