Ƙarar Sitiyari Yayin Shan Kwana: Musabbabinta da Hanyoyin Gyara

GABATARWA

Duk wanda ya daɗe yana tuƙi ya san cewa da wuya wani ƙarfe ya lalace a jikin mota ba tare da ya fara ba da sanarwa ba. Sanarwar nan kuwa galibi ƙara ce. Daga cikin ƙararrakin da bai kamata a yi wa riƙon sakainar kashi ba akwai wadda ke tashi idan aka murɗa sitiyari za a sha kwana, domin a kan sitiyari da birki ran direba da na fasinjojinsa ya rataya. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ire-iren wannan ƙara, da abin da ke haddasa kowace, da yadda ake gyara ta.

YADDA SITIYARI YAKE AIKI

Idan direba ya murɗa sitiyari, wani dogon ƙarfe mai haƙora da makanikai ke kira rak yakan zame dama ko hagu. Wannan ƙarfe yana haɗe da tayoyin gaba ta hanyar tayarod, su kuma tayoyin suna juyawa ne a kan wata gaɓa mai kama da ta kafaɗar mutum, wato boljoyin. Don a rage wa direba wahala, sai aka ƙara wani famfo wanda fambel ke juyawa, yana tura mai da ƙarfi ya taya rak motsi. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara sayar da ƙananan motoci masu wannan tsari a 1951. A 1988 kuma kamfanin Suzuki na Japan ya fito da mai aiki da lantarki, wanda ba shi da famfo balle mai.

IRE-IREN ƘARA DA GYARANSU

Abu na farko shi ne a lura da lokacin da ƙarar ke tashi: mota na tsaye ne ko tana tafiya? Amsar wannan tambaya ita ke raba matsalar gida biyu.

1. Gunji ko nishi, mota na tsaye inji yana aiki. Wannan ya fi faruwa idan man sitiyari ya yi ƙasa, famfo ya soma zuƙar iska. Sai a buɗe gwangwanin man a duba. Kumfa alamar iska ce, baƙi da ƙauri kuma alamar man ya tsufa. Tun da mai ba ya ƙarewa haka kawai, dole a nemi inda yake yoyo, ko a tiyo ko a rak, a toshe. Daga nan a zuba irin man da masu ƙera motar suka ayyana, a ɗaga gaban motar, a riƙa murɗa sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe har iskar ta fita. Sai in gunjin ya ƙi tafiya bayan wannan ne za a tuhumi famfon kansa.

2. Ƙara mai tsini kamar fito, musamman idan aka kai sitiyari ƙarshe. Fambel ne ya yi sako-sako ko ya suɗe, yana zamewa. A ɗaure shi, ko a canza in ya tsattsage.

3. Ƙas-ƙas-ƙas a jere, mota na tafiya cikin kwana. Wannan ƙarar kan shaf ce, wato ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayar gaba. Motoci irin su Peugeot 504, ta kamfanin da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, da tayoyin baya suke ja, don haka ba su da shaf a gaba. Amma Golf da Corolla da Accord da tayoyin gaba suke ja. Kan shaf yana cikin wata roba cike da giris. Da zarar robar ta yage, giris ya fice, yashi ya shiga ya cinye ƙarfen. Ana gane haka ne idan aka murɗe sitiyari gaba ɗaya, aka zagaya a hankali a fili, dama da hagu. In an ga yagewar da wuri, sabuwar roba da giris sun wadatar. In ƙara ta riga ta fara, babu makawa sai an canza kan shaf.

4. Ƙwal ko gwaf, a kwana ko a gargada. Nan ne hatsarin ya fi girma, domin tayarod ko boljoyin ne ya ci. A ɗaga motar, a kama tayar ta gefe da gefe a girgiza. In ta yi wasa, tayarod ne. A sake kamawa sama da ƙasa. In ta yi wasa, boljoyin ne ko boris. Boljoyin da ya ci yana iya ɓallewa ana cikin gudu, taya ta kwanta, sitiyari ya daina aiki. Ba a faci a nan, canzawa ake yi, sa'an nan a kai motar a daidaita tsayuwar tayoyi.

5. Gurnani mai ƙaruwa da gudu. Boris ɗin taya ne. Idan aka karkata hagu nauyin mota kan koma dama, saboda haka in gurnanin ya ƙaru a lokacin, galibi boris ɗin dama ne ya lalace.

Wajibi ne a yi gargaɗi cewa kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta da abin da ba zai goce ba. Haka kuma, danne sitiyari a ƙarshensa fiye da 'yan daƙiƙoƙi yana zafafa mai, ya gajiyar da famfo.

KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kowace ƙara da inda ta dosa. Mai motar da ya iya gaya wa bakanike irin ƙarar da lokacin tashinta ya tsare aljihunsa, domin sau da yawa akan sayi famfo alhali fambel ne kawai ya saki. Wanda kuma ya ji ƙwal a kwana, ko da fasinja ne, ya kamata ya faɗa wa direba. Ai Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.